SHARHI: Idan gwamnati ta ce a maido mata da kuɗi, wa zai saurari wanda aka biya?

A ranar 26 ga Fabrairu, 2024, bayan zaman Majalisar Zartaswa ta Tarayya, Ministan Kuɗi Wale Edun ya shaida wa manema labarai cewa Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin tsara shirin biyan alawus ga matasa marasa aikin yi, har da waɗanda suka kammala manyan makarantu. Watanni huɗu bayan haka, a Yunin 2024, wani umarnin ya fito daga fadar shugaban: ma'aikatan da suka ƙaura ƙasashen waje amma suka ci gaba da karɓar albashi su maido da kuɗin, a kuma hukunta shugabannin ofisoshin da suka kau da kai.

Umarni na farko na bayarwa ne, na biyu na karɓowa. Duk shirin da ke raba kuɗin jama'a dole wata rana ya buƙaci na biyun, domin babu tsarin da ba ya biyan wani fiye da haƙƙinsa, ko dai da kuskure ko da ha'inci. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: ranar da hukuma ta rubuta wa mutum cewa an biya shi fiye da ƙima, shi kuma ya ce sam ba haka ba ne, a gaban wa za su tsaya? Amsar ta shafi ma'aikacin da ke Sakatariyar Tarayya a Abuja, ta shafi hadimin da aikinsa ke ƙarewa ranar da wa'adin ubangidansa ya cika, ta kuma fi shafar mutanen unguwanni irin su Agege a Legas, waɗanda da sunansu ake tsara irin waɗannan shirye-shirye.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 16(2)(d) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa tallafin rashin aikin yi cikin abubuwan da ya kamata gwamnati ta samar wa 'yan ƙasa, tare da matsuguni, abinci, fansho da kulawa da naƙasassu. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Saboda haka Najeriya ba ta da inshorar rashin aiki irin ta Afirka ta Kudu, inda ma'aikaci ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, mai aiki ya zuba kashi 1, wanda aka sallama kuma ya nemi haƙƙinsa daga asusun, idan an hana shi ya ɗaukaka ƙara gaban kwamitin da doka ta kafa.

Abin da ya fi kusa da wannan a Najeriya yana cikin Dokar Fansho ta 2014. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ta fansho ba. Kuɗinsa ne dai, ya ci yau ya rage wa tsufansa. Sai asusun NSITF da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, inda masu aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya, amma wannan diyyar rauni ce da cuta da mutuwa a bakin aiki. Sauran, irin su N-Power da aka fara a 2016 da alawus ɗin Naira 30,000 a wata, da rabon Naira 25,000 sau uku da aka ƙaddamar a Oktoban 2023 don gidaje miliyan 15, shirye-shirye ne na gwamnati mai ci. Wanda aka cire sunansa daga jerin bai da wani zaure mai zaman kansa da zai kai kukansa.

Wuƙar yanka ta riga zauren saurare

A ɓangaren karɓowa kuwa, gwamnati ta yi nisa. Tun 2007 aka fara tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, wanda daga baya ya koma ƙarƙashin Ofishin Akanta-Janar na Tarayya. Da aka haɗa shi da lambar BVN, Ma'aikatar Kuɗi ta sanar a Fabrairun 2016 cewa an cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi. Wannan nasara ce da babu mai musunta. Amma na'urar da ke iya cire sunan bogi da dannawa ɗaya, da dannawa ɗaya take iya zaftare albashin mai gaskiya. Ma'aikaci yakan fara sanin an yanke masa hukunci ne ranar da saƙon banki ya shigo da adadin da bai kai na watan jiya ba. Daga nan sai zarya: ofishinsa ya tura shi wurin jami'in IPPIS, jami'in ya ce daga Abuja aka yi, Abuja ta ce a rubuto ta hannun ofishinsa.

Dokar Ƙwadago ta daɗe da gane haɗarin. Sashe na 5 ya yarda a cire kuɗin da aka biya fiye da ƙima daga albashi, amma na watanni ukun da suka gabaci watan da aka gano kuskuren kaɗai, kuma jimillar abin da za a yanke a wata ɗaya kada ta wuce sulusin albashin. Ga mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, sulusi ya ɗan haura Naira 23,000. Hikimar a fili take: wanda ya yi kuskuren lissafi ya yi shiru shekara biyu ba zai ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi dukkan nauyin sakacinsa ba. Sai dai sashe na 91 na dokar ya cire masu aikin gudanarwa, na zartarwa, na fasaha da na ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci". Ke nan mafi yawan jami'an tarayya da hadimai ba su cikin wannan inuwa. Wanda ke karɓar tallafi ba albashi ba kuwa, ko kusa da ita bai zo ba.

Darasin Ostareliya

Ƙasar da ta fi biyan tsadar wannan darasi ita ce Ostareliya. Daga 2016 zuwa 2019 hukumar jin daɗin jama'arta ta yi amfani da tsarin da aka yi wa laƙabi da Robodebt. Masu karɓar alawus ɗin rashin aiki suna bayyana abin da suka samu duk mako biyu. Sai kwamfuta ta ɗauko jimillar abin da mutum ya samu a shekara daga ofishin haraji, ta raba shi daidai gida 26, ta ɗauka cewa haka yake samu duk mako biyu. Wanda ya yi aiki wata uku ya zauna wata tara, sai lissafi ya nuna kamar bai taɓa zama ba. Aka aika wa dubban ɗaruruwan mutane takardun bashi, aka kuma ce wanda bai yarda ba ya kawo takardun albashinsa na shekarun baya.

Akwai kotun sauraron ƙorafi kan hukunce-hukuncen hukumomi a ƙasar, kuma ta yi aikinta. A 2017 ɗaya daga cikin alƙalanta, Farfesa Terry Carney, ya yanke hukunci sau biyar cewa wannan lissafi bai da tushe a doka. Amma hukunce-hukuncen matakin farko ba a wallafa su. Hukumar ta riƙa sasanta wa wanda ya yi nasara, ta ƙi ɗaukaka ƙara don kada maganar ta fito fili, ta ci gaba da aika wa sauran takardu. Sai a Nuwamban 2019 gwamnati ta amsa a gaban Kotun Tarayya cewa hanyar haramtacciya ce. A Mayun 2020 ta yi alƙawarin maido da dalar Ostareliya miliyan 721 kan basussuka kusan 470,000. Hukumar binciken da Catherine Holmes ta jagoranta ta miƙa rahotonta a Yulin 2023, bayan ta saurari iyayen da 'ya'yansu suka kashe kansu suna ɗauke da waɗannan takardu. A Oktoban 2024 aka maye gurbin tsohuwar kotun da sabuwa, mai hurumin ɗauko matsalar da ta shafi jama'a da yawa ta yanke mata hukunci guda.

Ba Ostareliya kaɗai ba. A jihar Michigan ta Amurka, wata manhaja ta tuhumi kusan mutum 40,000 da zambar alawus ɗin rashin aiki tsakanin 2013 da 2015, daga baya binciken jihar ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen da na'urar ta yanke ita kaɗai kuskure ne. A Holan, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021 saboda an tilasta wa dubban iyaye maido da tallafin reno bisa zargin da bai tabbata ba. Waɗannan ƙasashe ne masu cikakkun bayanai, inda yawancin jama'a ke da takardar albashi.

Inda lissafin zai karye: Agege

Hausawa sun kafa Zango a Agege tun zamanin da jirgin ƙasa da fataucin goro suka haɗa Legas da Arewa. Yau rayuwar unguwar tana rataye da mayankar Oko-Oba, kasuwanci, dako, gadi, canjin kuɗi da tuƙi. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, ta sake tsaurara dokar daga 1 ga Yuni, 2022, har da Ikeja da ke maƙwabtaka da Agege, dubban matasan Arewa sun wayi gari babu sana'a. Babu takardar sallama, babu ajiyar fansho da za a ciri kashi 25, babu ofishin da zai rubuta cewa sun rasa aiki. Idan an fara biyan alawus ɗin rashin aiki da gaske, irin waɗannan ne ya kamata su fara shiga.

Amma wane ne marar aikin yi? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin 100. Da ta sauya ma'auni a 2023, ta koma ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya faɗo kashi 4.1. Ƙididdigar ta kuma nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista. Da wannan ma'auni, yaron da ya yi dakon buhu biyu a Mile 12 ranar Talata ya fita daga sahun marasa aiki. Idan dokar alawus ba ta fayyace nata ma'aunin ba, duk wanda aka biya ana iya kiransa daga baya a ce ya ci haram.

Sai maganar asusun banki. Gwamnati ta riga ta ɗaure tallafinta da lambobin NIN da BVN, kuma hanya mafi sauƙi ta gano "mai samu" ita ce duba abin da ya ratsa asusunsa. A Agege wannan ma'auni zai yi ɓarna. Yaron dillalin shanu yakan karɓi miliyoyi a asusunsa a makon Babbar Sallah, ya tura wa mai dabbobi a Arewa kafin la'asar, ladarsa ba ta wuce ta cefanen kwana uku ba. Uwar adashi tana tara kuɗin mata talatin. Mutum ɗaya mai asusu yakan zama hanyar da 'yan garinsu goma ke aika wa gida. Waɗannan kuɗaɗen amana ne, kwamfuta kuwa ba ta san amana ba. Mutumin da ya zauna da shi minti goma, ya kira ubangidansa ko wakilin fadar Sarkin Hausawa ya yi shaida, zai gane. Wannan zaman na minti goma shi ne ake nufi da kotun sauraron ƙorafi.

Ƙofofin da ke buɗe yanzu

Wanda aka yanke wa kuɗi yau ba a rasa inda zai ƙwanƙwasa ba, sai dai kowace ƙofa da agogonta.

A harkar fansho, dokar 2014 ta ba wanda bai gamsu da hukuncin kamfanin fansho ko na wurin aikinsa ba damar rubuta wa hukumar PenCom, ita kuma ta warware cikin wata uku. Daga nan sai sulhu ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A diyyar NSITF, ana neman hukumar gudanarwar asusun ta sake duba hukuncinta cikin kwana 180, sannan a wuce kotun. A nan wanda ya yanke hukuncin farko shi ne ke sake dubawa.

Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa a 1975, kyauta ce kuma tana da ofisoshi a jihohi. Amma dole a kai koke cikin wata 12, ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma shawara take bayarwa, ba umarni ba.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce mai haƙori. Gyaran tsarin mulki na uku ya ba ta, a sashe na 254C, hurumin duk abin da ya shafi albashi, fansho, giratuti da alawus na ma'aikata. Sai dai babbar kotu ce, da lauyoyi da ɗage zama. Reshenta na Legas yana Ikoyi. Mutumin Agege da ke jayayya kan Naira 75,000 zai ƙarar da rabinsu a kuɗin mota kafin a kira shari'arsa. Ga kuma Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta ƙayyade wata uku kacal don ƙarar jami'i ko hukuma. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba, amma hukunce-hukuncen da suka biyo baya ba su tafi a kan layi ɗaya ba. Mai hankali ba ya bari wata ukun su wuce yana jiran amsar wasiƙa.

Akwai makamai biyu da ba a cika amfani da su ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukuma amsa buƙata cikin kwana bakwai, don haka mutum yana iya neman a nuna masa yadda aka yi lissafin bashin. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma, a sashe na 37, ta ba shi 'yancin ƙin hukuncin da na'ura ta yanke ita kaɗai, in ban da wasu keɓantattun halaye, da neman ɗan'adam ya duba.

Abin lura shi ne Najeriya ta san amfanin irin wannan kotu. Kamfanin da hukumar haraji ta ƙaƙaba wa lissafin da bai yarda da shi ba yana da Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, mai rassa a Legas da Abuja da shiyyoyin ƙasar. Mai hannun jari yana da tasa kotun ta musamman. An gina wa mai dukiya gajeriyar hanya, an bar marar aiki da doguwa.

Abin da ya kamata ya shiga doka

Sashe na 36(2) na tsarin mulki ya riga ya aza harsashi: doka tana iya ba hukuma ikon yanke hukuncin da ya shafi haƙƙin mutum, muddin an ba shi damar faɗin nasa kafin a yanke, kuma ba a mai da hukuncin na ƙarshe ba. Abin da ya rage shi ne a fassara wannan zuwa ƙa'idojin aiki, kafin a biya kobo na farko.

Na ɗaya, sanarwa a rubuce kafin a taɓa kuɗi, mai ɗauke da adadi, watanni da dalili, cikin harshen da mutum ke ji. Na biyu, a dakatar da yanka har sai an saurari ƙorafi, domin wanda aka yanke wa abincin wata ba zai iya jiran adalcin baɗi ba. Na uku, nauyin kawo hujja ya kasance kan hukumar da ke da'awar bashi, kamar yadda kowane alƙali a Zango ya sani cewa mai da'awa ke kawo shaida. Na huɗu, a bambance ha'inci da kuskuren ofis: wanda ya yi ƙarya ya biya har da hukunci, wanda aka yi wa ƙari bai sani ba ya samu iyakar lokaci da iyakar sulusi irin ta Dokar Ƙwadago, da damar yafewa idan biyan zai durƙusar da shi. Na biyar, masu sauraron su kasance ba ma'aikatan hukumar da ta yanke hukuncin ba, su zauna a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ta waya, babu kuɗin shigar da ƙara, babu tilas sai da lauya. Na shida, wanda Ostareliya ta koya da hawaye: a wallafa hukunce-hukuncen ba tare da sunaye ba, kuma idan kuskure ɗaya ya maimaitu, a gyara wa kowa, har da wanda bai kai ƙara ba.

Masu adawa za su ce wannan ƙarin hukuma ne, a daidai lokacin da ake maganar aiwatar da rahoton Oronsaye na rage su. Za su kuma ce dakatar da yanka zai ba maha'inta damar jan ƙafa. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya. Amma ba lallai sai an gina sabon bene ba: ana iya ba wani sashe na Hukumar Koke-koke ikon yanke hukunci mai ɗaurewa kan ƙananan kuɗaɗe, a bar ɗaukaka ƙara ga Kotun Ma'aikata. Jan ƙafa kuwa maganinsa wa'adi ne na kwanaki ƙididdigaggu. Kuma tarihin kusa ya nuna inda manyan ramuka suke. Lokacin da aka dakatar da Ministar Jinƙai Betta Edu a Janairun 2024, aka kuma tsayar da shirye-shiryen hukumar NSIPA, binciken ya fuskanci ofisoshi ne, amma masu karɓar tallafi ne suka kwana da yunwar dakatarwar.

Ma'aikacin tarayya yana zaune a ɓangarorin teburin biyu. Shi ke rubuta daftarin doka, shi ke sa hannu a wasiƙar neman maido da kuɗi, hadimi kuma shi ke ajiye takardar a gaban minista ko ɗan majalisa. Ranar da wa'adi ya ƙare, ko aka haɗe hukumomi, ko aka zo lissafin kuɗin sallama aka ce akwai rarar da za a cire, shi ne zai tsaya a bakin taga yana tambayar wa zai gani. Sashen ɗaukaka ƙara da ya bari aka share daga daftari don a taƙaita shafuka, shi ne zai nema ya rasa.